Parabol ɗin Mushe Mutari

A shekarar da fara ta cinye ɗan abin da fari ya rage, babu gidan da ya kai na Mushe Mutari kwarjini daga nesa a duk Kara-Kara. Ginin dai na ƙasa ne kamar na kowa, katangar baya ma ta fara zubewa. Abin da ya bambanta shi parabol ne, wani babban farin faranti da ke zaune kan soro yana kallon sama. Duk mai kwatance a unguwar da shi yake yi: ka wuce gidan mai parabol, ka karya hagu.

Mutari bai taɓa koyar da kowa a lakwal, wato makarantar boko, ba, amma in ba a ce masa Mushe kamar yadda ake ce wa malamanta ba, ba ya jin kira. Planto ne shi, mai kai takardu daga wannan biro, wato ofis, zuwa wancan, har ya tsufa ya ajiye aiki. A bakin ƙofofin manya ya tsinci Faransancinsa, yana kuma ji da shi kamar gadon uba. Parabol ɗin wani Bature ne na wani porjen raya karkara ya bar masa da zai koma ƙasarsu, tare da akwatin da ke fitar da hoton, wanda ake kira dekodar. Ba a daɗe ana morarsa ba, wata rana kuran, wato wutar lantarki, ya tafi ya dawo da ƙarfi, hoto ya mutu. Daga baya aka sayar da tele ɗin ma. Farantin dai ya zauna, Mutari kuwa bai fasa hawa soro da tsumma yana goge shi ba, musamman lokacin da mutane ke dawowa daga masallaci.

Da bazara ta tsananta sai ga yayarsa Gambo daga ƙauyen Dakusa, ita da mijinta Nomau da jikokinsu. Rumbu ya ƙare tun da daɗewa, awaki sun tafi kasuwa ɗaya bayan ɗaya, 'ya'yansu maza sun tsallaka Najeriya ci-rani, shiru kake ji. Mutari ya tarbe su a ƙofar gida da murya mai ƙarfi, yadda maƙwabta ba za su sha wahalar ji ba. Ya ce gida gidansu ne, shi ba ya cikin mutanen birni masu gudun danginsu. Sannan ya ba su ɗakin da ke jikin garken awaki, inda yake ajiye karyayyun kujeru.

Makullin ɗakin hatsi a aljihunsa yake kwana. Kowace safiya shi ke aunawa da kansa, yana shafe bakin tiya da yatsa kada ta yi tozo. Abin da ba ya aunawa shi ne magana. Da yamma sai ya sa a fito masa da kujera, ya tara Gambo da Nomau, ya yi musu bayanin abin da ya kawo yunwa: sare itatuwa, yawan haihuwa, da ƙin jin maganar ma'aikatan gona. Nomau, wanda ya yi furfura a bakin gona, yakan sunkuyar da kai yana cewa haka ne, haka ne. Zuliha matar Mutari ba ta zama wurin bayanin. Lokacin ne take samun damar miƙa wa jikokin Gambo abin da ta rage daga tukunya.

Wata Litinin da hantsi mai unguwa ya yi sallama tare da baƙi: wata doguwar Baturiya, da mai ɗaukar hoto, da tafinta. Daga wani gidan tele na ƙasar waje suke, suna neman gidan da mutanen ƙauye suka sauka. Mutari ya ce su dakata. Ya shiga ɗaki ya fito cikin shuɗiyar babbar riga, da lambar yabon da aka maƙala masa ranar ajiye aiki, da tabarau. Ya tsaya tsakiyar gida ya fara da Faransanci. Ya ɗauko zancen tun daga yunwar shekarun baya, ya bi ta kan hamada, ya taɓo farashin gyaɗa, ya ba duniya shawarwari. Mai ɗaukar hoton ya saita shi na ɗan lokaci, daga baya ya sauke na'urar yana gyara takalmi. Da Mutari ya tsaya jan numfashi, Baturiyar ta yi maza ta gode masa, ta tambayi ko wace ce tsohuwar da ke zaune can tana tsince ganyen tafasa.

Sun daɗe tare da Gambo. Mutari bai damu ba, don a ganinsa an riga an ɗauki mai muhimmancin, saura cikon wuri. Zafi ya dame shi, ya zagaya gindin bishiyar bedi ya tuɓe rigar, ya zauna daga shi sai singileti yana shan furar da Zuliha ta dama, har yana kankare ƙwaryar da ludayi. Da za su tafi tafintan ya ce za a nuna ranar Juma'a bayan la'asar, a maimaita ranar Lahadi, ya faɗi sunan tashar.

Kafin magariba babu wanda bai ji ba a unguwar cewa Mushe Mutari ya yi wa Turai jawabi. Shi ne ya tabbatar kowa ya ji. Sai bayan ya gama yaɗawa ya tuna ba shi da abin kallo. Akwai alhazai a Zango masu parabol da ke aiki, amma mai parabol ya je gidan wani kallo ya zauna a tabarma tare da yara, wannan ba zai yiwu ba.

Zuliha ce ta kawo zancen ƙanenta Alkasum. Magidanci ne mai shago kusa da kasuwar Dole, yana buga wa mutane takardu da ordinater, wato kwamfuta, yana ɗora musu waƙoƙi a faifai, ya kuma rubuta anjiniya a allon shagon ba tare da kowa ya sa shi ba. A wata tafiya Kano ya sayo wani kart, ɗan koren allo kamar tafin hannu, wanda in aka soka shi cikin ordinater sai ta zama tele mai kama tashoshin sama. Ya nuna wa duk wanda ya shigo shagon, amma bai taɓa kunna shi ba, don ba shi da parabol. Shi da Mutari ba sa shiri. Kowannensu yana ganin ɗayan cika baki ya yi masa yawa, kuma babu wanda ya yi kuskure a cikinsu.

“Malam, kana da faranti ba abin kallo, shi yana da abin kallo ba faranti,” in ji Zuliha. “Ku haƙura da juna zuwa Juma'a.”

Washegari aka kawo ordinater a amalanke, an lulluɓe ta da bargo kamar mai jinya. Alkasum ya girke ta a rumfar tsakar gida, ya jona wayar da ta sauko daga soro a bayan kart ɗin, ya danna nan ya danna can, ya ja da baya ya harɗe hannu. Allon ya tsaya baƙi ƙirin, sai ɗan rubutu a tsakiya mai cewa babu sinyal. Alkasum ya ce farantin ne ya karkace. Mutari ya ce farantin Bature ne, ba ya karkacewa, a dai duba kayan Kano.

Duk da haka Mutari ne ya hau soron, don bai yarda wani ya taɓa masa faranti ba. Nomau ya riƙe tsani. Aka wuni Mutari na juyawa cikin rana, Alkasum na ƙasa yana cewa a ƙara, a rage, a koma inda aka fito. Maƙwabta suka taru da shawarwari kyauta. Wani ya ce sai an fuskantar da shi alƙibla. Wani ya ce a wanke shi da ruwan kanwa. Wani tsohon soja ya ja Alkasum gefe ya raɗa masa cewa ba wahalar da za ta yi amfani, daga Yamai aka rufe sama don kada a ga abin da ke faruwa. Mutari ya sauko da la'asar ƙeyarsa ta ƙone, allon yana nan yadda yake.

Da safe Alkasum ya ce zai je shago ya dawo. Ashe wurin wani abokinsa ya nufa, mai kafa wa alhazai parabol. Ya dawo da azahar yana taku ɗai-ɗai, ya ce ya kwana yana nazari, ya gano matsalar. Ɗan kan nan da ke bakin sandar farantin, shi ne ke tattara abin da ya sauko daga sama, kuma ba ya aiki sai da kuran. Ba shi da wata waya tasa daban. Wayar da ke sauko da hoto, ita ce ke hawa da kuran ɗin, kuma kart ɗin ne ya kamata ya tura shi. Duk wunin jiya kan a mace yake, ko da Mutari ya juya farantin har ya kalli Makka da Madina babu abin da zai fito.

Gambo tana gefe tana jiƙa anza, 'ya'yan itacen daji masu ɗaci da ake ci lokacin yunwa. Ba ta ɗago ba ta ce, “Ashe shi ma sai an ba shi yake aiki.”

Mutari ya yi kamar bai ji ba. Alkasum ya lalubo wurin da ake umartar kart ɗin ya tura kuran, ya danna. Ordinater ta yi wani gurnani, ta mutu. Ya kunna, ya sake dannawa, ta sake mutuwa. Tsohuwa ce ta gwanjo, abin da ke ba ta ƙarfi da ƙyar yake riƙe ta ita kaɗai, balle a ce ta ciyar da wani a kan soro. Mutari ya kawo shawarar a aro batirin mota a jona kai tsaye. Alkasum ya tambaye shi ko gobara yake so a nuna wa unguwa maimakon jawabi. Suka yi ta musu har Zuliha ta kawo ruwa.

Cikin shan ruwan ne Alkasum ya tambayi inda tsohon dekodar ɗin yake. Mutari ya ce matacce ne, amma yana nan a adane. Adanar ita ce Zuliha ta tokare ƙafar kabad ɗinta da shi. Aka zaro shi, kwanuka suka zube, aka kakkaɓe aka jona. Wata 'yar jar fitila ta kama. Alkasum ya ɗaura guntuwar waya a bayansa, ya ɗora bakinta a harshe, ya zabura har hularsa ta faɗi. Hoton dekodar ɗin ne ya mutu, amma kuran yana nan yana fita.

Haka aka yi dabarar. Dekodar zai tura kuran sama, hoton in ya sauko a raba shi ya bi wata waya zuwa kart. Don kada kuran ɗin dekodar ya biyo wayar ya shiga kart ɗin, Alkasum ya ciro wani ɗan abu kamar ƙwayar wake daga cikin mataccen rediyo, ya liƙa shi da dalma a tsakiyar wayar, ya naɗe da sikoci, tef ɗin nan mai danƙo. Ya ce hoto zai wuce ta cikinsa, kuran ba zai wuce ba. Ya dubi Mutari ya ce kada wanda ya taɓa wurin, ko da kuwa ya san Faransanci.

Ranar Alhamis da hantsi, Mutari na kan soro yana turawa a hankali, sai allon ya yi walƙiya, ya kakkarye, ya haɗe. Wani jibgegen Bature ne cikin farar riga yana yanka nama a kan katako. Ya jefa shi cikin man shanu, ya juya, ya ɗanɗana ya lumshe ido, sannan ya yanke kitsen ya ture shi gefe. Jikokin Gambo suka matso har hancinsu na neman taɓa allon. Zuliha ta ce wa ƙanenta ya canza musu wannan abin.

Ya canza, aka faɗa kan tashar da ake nema, ana bayanin yanayi. Nomau ya saki tsani ya taho, ya bar Mutari a sama. Ya tambaya ko wannan abin yana nuna inda ruwa zai sauka. Alkasum ya ce har ranar yake faɗi. Nomau ya ce a nuna masa Dakusa. Wata mace ce ke bayanin, tana nuna gizagizai a kan ƙasashen Turawa, ta kuwa tsaya daidai kan inda Nijar take, ba ta gusa ba har aka gama. Nomau ya jira ko za ta matsa, da bai ga alama ba ya koma ya riƙe tsaninsa.

Ranar Juma'a Mutari ya tsaya a bakin masallaci yana gayyata. Ya buɗe ɗakin hatsi da kansa, ya auna gero ba tare da shafe bakin tiya ba, ya ce a dama wa baƙi kunu. A shekara irin wannan ba a buƙatar maimaita gayyata in an ambaci kunu. Kafin la'asar gidan ya cika, har da waɗanda ba su san me za a kalla ba. Aka rataya zannuwa a bakin rumfa don hasken rana. Mai unguwa a gaba kan kujera, Mutari a gefensa cikin rigar nan da lambar yabo, ya kuma sanar cewa shi zai riƙa fassara wa jama'a. Gambo da Nomau suna can baya wajen awaki, inda sai sun yi ɗage suke hango gefen allon.

Aka fara labarai. Yaƙi a wata ƙasa, taro a wata, Mutari na fassarawa yana ƙara nasa. Can sai ga taswirar Nijar. Aka nuna busasshiyar ƙasa, da mushen shanu, da mata a layi riƙe da yara. Sai ga lungun unguwar, sai ga ƙofar gidan. Yara suka ɗauki sowa, Mutari ya ɗaga hannu a yi shiru, ya gyara zaman tabarau.

Fuskar Gambo ce ta cika allon. Ba a rufe muryarta ba, fassarar aka rubuta a ƙasa, don haka babu mai buƙatar tafinta. Aka ji an tambaye ta me suke ci.

“Abin da Allah ya hore. Yau tafasa, gobe anza. Matar ƙanena tana ƙara mana a ɓoye, Allah ya saka mata.”

Kawuna suka juya wajen Zuliha, ita kuwa ta duƙufa kan tukunyar kunu kamar ta yar da wani abu a ciki. Aka tambayi Gambo shi ƙanen nata fa.

“Mutari? Ai yana ƙoƙari. Kullum da yamma sai ya zaunar da mu ya yi mana bayanin abin da ya kawo yunwar.”

Aka tambaye ta me take so. Ta ce iri kawai, in ruwa ya sauka su koma gida, zaman birni ba nasu ba ne.

Daga nan hoton ya juya gindin bedi. Ga Mutari daga shi sai singileti mai huji a kafaɗa, ƙasusuwan wuya a waje, ya kifa kai cikin ƙwarya yana kankara da ludayi. Muryar Baturiyar ta hau kai a hankali, cikin tausayi. Mai unguwa ya jira fassara, bai ji ba. Ya waiwaya ya tambaya me ta ce. Alkasum ya miƙe tsaye, don na baya ma su amfana.

“Ta ce ko tsofaffin birni ba su tsira ba. Ta ce wannan dattijon, abin da zai ci ke nan yau duka.”

Aka koma labarin ƙwallo. Babbar rigar Mutari kuwa, abin da ya fito duka bai wuce gefen hannun rigar ba, lokacin da Gambo ke magana.

Sai wata daga cikin mata ta kasa riƙe dariya, ta toshe baki da gyale ta fita. Mai unguwa ya yi gyaran murya ya dafa gwiwar Mutari, ya ce ba su san abin ya kai haka ba, Allah ya kawo sauƙi. Babu wanda ya iya gane ko da gaske yake. Jama'a suka shanye kunun tas, suka yi godiya suka watse. Mutari ya zauna a kujerar har rumfar ta zama ba kowa. Kunya ce ta riƙe shi, irin wadda bai taɓa ji ba ko a zamanin da manya ke yi masa tsawa gaban mutane, don a can aƙalla ya san laifin da ya yi. Ranar ba a fito da kujerar bayani ba.

Da safe wata maƙwabciya ta aiko da ɗan kwanon dambu, ta ce a ba Mushe. Ya sa aka mayar. Sannan ya nufi ɗakin da ke jikin garke, ya tarar da Gambo tana shara. Ya ce mata ta tozarta shi a idon duniya. Ta jingine tsintsiya ta tambaye shi wanne ne ƙarya cikin abin da ta faɗa. Ya ce ba zancen ƙarya ba ne, akwai abin da ba a faɗa wa baƙi.

“Duniya ba ta san ka ba, Mutari,” in ji ta. “Unguwa ce ta san ka, ita kuwa ba jiya ta fara sani ba. Ni na goye ka, ba zan yi maka sharri ba. Tambayata aka yi.”

Ya juya ya fita. Da azahar ya miƙa wa Zuliha makullin ɗakin hatsi, ya ce aljihunsa ya huje, ta riƙe kafin a ɗinke. Ba a taɓa ɗinke aljihun ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Amma zancen jawabin bai bar shi ba. Ya zauna ya yi tunani ya gano cewa na Juma'a taƙaitawa ce, na Lahadi shi ne cikakke, a nan za a sa jawabin. Ya sake gayyatar mutane, wannan karon ba kunu. Abu ɗaya ne ya dame shi: ranar Juma'a hoton yakan ɗan kakkarye, kuma bai kamata jawabi irin nasa ya kakkarye ba. Ya daɗe yana kallon ƙullin sikocin nan. A ganinsa babu yadda hoto mai girma haka zai bi ta cikin abu kamar ƙwayar wake bai matsu ba.

Ranar Lahadi da safe Alkasum ya tafi suna. Mutari ya ɗauko reza ya warware sikocin, ya yanke ɗan abin ya ajiye a kan taga, ya murɗe wayoyin biyu da juna yadda ya ga ana yi. Ya kunna ordinater, ya kunna dekodar. Aka ji ɗan ƙara kamar an taka busasshen ganye, wani siririn hayaƙi ya fito ta bayan akwatin, wari ya cika rumfar. Zuliha ta leƙo daga madafa tana tambayar me ke ƙonewa, ya ce ba komai.

Alkasum ya zo da azahar. Bai ɗaga murya ba. Ya kwance akwatin ya zaro kart ɗin, ya shinshina, ya juya shi, ya ga inda ya yi baƙi. Ya dubi taga ya ga ɗan abinsa a ajiye. Ya sa kart ɗin a aljihu, ya fita ya kira mai amalanke. Mutari ya biyo shi yana cewa kayan Kano ne ba su da ƙarko, tun ranar farko ya faɗa. Alkasum ya lulluɓe ordinater da bargonta, ya ce wa yayarsa sai ya zo gaisuwar salla. Waɗanda suka zo kallo da la'asar suka tarar da tebur da wayoyi.

Wannan ya yi wa Mutari daɗi ta wani ɓangaren, don ya samu damar cewa ranar Lahadi an sa jawabinsa daga farko har ƙarshe. Wani tela ya ce shi ya kalla a gidan wani alhaji a Zango, kuma babu bambanci da na Juma'a, har ƙwaryar. Mutari ya ce na alhajin wani tauraron yake kamawa daban.

An yi zaton motocin taimako za su zo gidan, tunda duniya ta gan shi. Wasu mata daga ƙauyuka suka yi kwanaki suna zama a ƙofar, Zuliha na fito musu da ruwa da abin da ya samu. Babu motar da ta zo. Da aka buɗe wurin rabo daga baya, can wani gefen gari aka buɗe shi, Gambo ta je ta bi layi kamar kowa, ta dawo da abin da kowa ya samu.

Ruwan farko ya sauka wata Laraba da rana, mai ƙarfi, har ya ƙarasa katangar baya. Tun bai tsaya ba Nomau ya fara ɗaure kaya. Mutari ya fita da akuya ɗaya bai ce wa kowa komai ba, ya dawo ba akuya, ɗan dako na biye da shi da buhun iri. Ya ce a ajiye a ƙofar ɗakin Gambo, ya wuce ciki da sauri kada a yi masa godiya a gaban yara.

Shi ya raka su tashar motocin Takieta, masu bi ta Dakusa, da safe. An cika, ana ta turereniya, kowa na son komawa gona. Direban wata tsohuwar mota ya tsaya yana kallon Gambo, ya matso ya ce ba ita ce aka nuno a tele ba, mai maganar iri? Ya kira yaran motarsa su zo su gani. Ya sauke wani ɗan kasuwa daga gidan gaba ya ce Inna ce za ta zauna nan, ya sa aka ɗora buhun a inda ruwa ba zai taɓa shi ba. Mutane suka kewaye ta suna gaisuwa, wata mata na cewa maganarta ta sa ta kuka.

Mutari ya kutsa ya isa wurin direban, ya gyara wuyan riga. Ya ce shi ƙanenta ne, a gidansa aka ɗauki hoton, shi ne ma ya yi wa Turawan bayani. Direban ya dube shi sama da ƙasa, ya ce madalla.

“Baba, ɗan matsa gefe, baya za mu yi.”

Ya matsa. Gambo ta leƙo ta taga ta ce ya gaida Zuliha, ya kuma gyara katangar nan kafin wani ruwan. Motar ta ja baya ta fantsala masa taɓo a riga, ta hau hanya.